Wasan Golf da Hurumin Jama'a

Idan zancen wasan golf ya faɗo a majalisar da ke da ɗan malami a cikinta, a Gidan Dare ne ko Mabera ko Runjin Sambo, tambayar da ake fara jefawa ita ce ko ya dace Musulmi baligi mai hankali ya kashe rabin yini yana bin 'yar farar ƙwallo da sanda, daga rami zuwa rami har 18. Masu tsanantawa su ce lahawu ne kuma kwaikwayon Nasara ne, masu sassautawa su ce motsa jiki ne, a tashi ba a daddale ba. A ganina duka ɓangarorin biyu sun tsaya ne a sashen mas'alar da ya fi sauƙi. Bugun ƙwallon ba shi da wani nauyi a shari'a. Nauyin yana ƙarƙashin ƙafar mai bugun: ƙasar da aka killace masa, da ruwan da aka zuba don ciyawar ta yi kore, da mutanen da suke cin moriyar su biyun kafin a kafa shinge.

Bari a fara sallamar mai sauƙin. Asalin al'adu da wasanni halal ne har sai dalili ya hana, kuma sunna ba ta rasa misalan wasa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kayar da Rukana a kokawa, ya bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci. Gaskiya ne akwai ruwayar da ta keɓe harbi da horar da doki da wasa da iyali, wata ta ƙara iyo, ta bar sauran wasanni a sahun abin da ba shi da lada. Sai dai manyan malamai, ciki har da Imamu Gazali a Ihya'u, sun fahimci cewa rashin lada daban, haramci daban, kuma zuciya tana gajiya, hutun da zai mayar da ita bakin aiki ba asara ba ne. Ko a gidan Shehu ba a haɗu a kan magana ɗaya ba game da iyakar lahawu. Bayan jihadin 1804 ya kafu, Shehu Usmanu ya sassauta a kan wasu kaɗe-kaɗe a littafinsa Najmul Ikhwani, bisa ƙa'idar cewa ba a tsananta wa jama'a a abin da malamai suka saɓa a kansa, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa ya tsaya a kan tsanantawa a Liya'us Sulɗani. Wanda ya san da wannan saɓani tsakanin wa da ƙane ba zai yi gaggawar haramta wasan da duk abin da ke cikinsa shi ne tafiyar ƙafa ta kilomita 6 zuwa 8 a cikin awa huɗu ba. Babu dukan fuska irin na dambe, babu bayyana tsiraici, babu jefa ƙwayar sa'a. Abubuwan da ke ɓata shi, wato sallar da aka bari ta fita daga lokacinta, da kuɗin da aka aza a tsakani ya koma caca, da giyar da ake sha a kulob bayan an tashi, su ne dai ke ɓata dara da kallon ƙwallon ƙafa, kuma hukuncinsu yana kansu ne duk inda aka same su.

Abin mamaki, hujjar masu tsanantawa ta riga su fitowa daga bakin masu wasan na asali. A 1457 majalisar dokokin Sikotlan, zamanin Sarki James na Biyu, ta hana golf da ƙwallon ƙafa saboda suna shagaltar da samari daga koyon harbin baka, alhali Ingila tana bakin iyaka. Aka maimaita hanin a 1471 da 1491, sai ga shi a 1502 Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sandunan wasan. Zancen kwaikwayon Nasara kuwa ba zai yi nisa a ƙasar Hausa ba. Ƙwallon dawaki ta hannun Turawan mulki ta shigo, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume ta har ta zama ta gida, kuma gwamnan farar hula na farko na Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa, wanda babban dandalin birnin ke ɗauke da sunansa, a filin wannan wasa ya faɗi daga doki ya rasu a Kaduna a 1981. Kamanceceniyar da aka hana ita ce ta ibada da alamomin addini, sanda da ƙwallo ba su cikin wannan.

Zan ma ƙara wa golf wani yabo da masu sukarsa ba su cika sani ba. Ginshiƙin dokokinsa, tun waɗanda aka fara rubutawa a Leith a 1744, shi ne ka buga ƙwallo daga inda ta faɗa. In ta faɗa cikin rairayi ko gindin ƙaya, ko iska ta kwashe bugun da ka yi daidai ta jefa cikin kwari, ba ka da ikon ɗagawa ka gyara mata zama sai inda doka ta yi rangwame, galibi da tara. Kuma a mafi yawan lokaci babu alƙalin wasa a kusa, kai ne mai kai ƙarar kanka. A gasar Amurka ta 1925 Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ta ɗan motsa lokacin da yake shirin bugu, abin da ba wanda ya tabbatar ya gani, ya sa aka ƙara masa bugu ɗaya na tara, wannan bugun ya sa aka yi kunnen doki, ya kuma sha kaye a wasan raba gardama. Mai karatun tasawwufi zai gane abubuwa biyu a nan ba tare da an nuna masa ba: yarda da abin da aka hukunta tare da yin iyakar ƙoƙari a cikinsa, da kiyaye amana a inda ido ba ya kaiwa. Wannan hali kuwa daga ƙasar da aka haifi wasan ya fito. Filayen farko tuddan rairayi ne na bakin teku waɗanda ba su noma, tumaki ke kiwo a kansu, zomaye ke haƙa ramuka, iska ke sassaƙa su yadda ta ga dama. Ba wanda ya shayar da su, ba wanda ya mallake su shi kaɗai. Takardar da Babban Limamin Kirista John Hamilton ya bayar a 1552 ta tabbatar wa mutanen garin St Andrews haƙƙinsu na wasa da kiwo a wannan fili na kowa da kowa.

Daga nan ne maganar take juyawa. Filin golf na zamani, irin wanda talabijin ta koya wa duniya so, ya kifar da wancan ginshiƙi. Mai wasa har yanzu yana karɓar ƙwallonsa daga inda ta faɗa, amma mai ginin fili ba ya karɓar ƙasa yadda ya same ta: ana yanka tudu, a cike fadama, a shimfiɗa ciyawar da aka kawo daga wata nahiya, a binne bututu a ƙarƙashinta don ta sha da dare. Fili mai rami 18 yakan ci hekta 50 zuwa 60, wato gonakin magidanta talatin ko fiye a lissafin ƙauyukanmu. Tsibiran wurare masu zafi su ne suka fi fito da abin a sarari, domin a can ne aka fi tallata wasan da duwatsu da gaɓar teku, kuma a can ne ƙasa da ruwan daɗi suka fi ƙaranci. A tsibirin Mawi na Hawayi akwai filin Kapaluwa, wanda aka buɗe a 1991 a kan gangaren dutse inda a da ake noman abarba, yana kallon teku, kuma shekara da shekaru a can aka riƙa buɗe kakar manyan 'yan wasan Amurka. A yankin nan ne gobara ta cinye garin Lahaina a watan Agusta na 2023 ta kashe mutum kimanin 100, kuma nan ne 'yan asalin tsibirin masu noman gwaza suka daɗe suna jayayya da manyan kamfanoni a kan ruwan ƙoramu. A 2025 fari da rikicin rabon ruwa suka sa ciyawar filin ta bushe, aka janye gasar da aka shirya yi a can a Janairun 2026. A Barbuda ta yankin Karebiyan kuwa batun ƙasa ne. Jikokin bayin da aka 'yanta a 1834 sun riƙe tsibirinsu a matsayin mallakar kowa da kowa, dokar 2007 ta tabbatar musu da haka. Guguwar Irma ta rushe tsibirin a Satumban 2017, aka kwashe mutanensa baki ɗaya, su kusan 1,800, kuma a bayan wannan ne aka sauya dokar, aka ci gaba da gina gidajen attajirai da filin golf a Palmetto Point, daf da fadamar da ke cikin jerin wuraren da duniya ta amince a kare.

Shari'ar Musulunci ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tana da babi sukutum a kansa. Larabawan jahiliyya sun san killace makiyaya: shugaba yakan sa kare ya yi haushi daga kan tudu, iyakar inda aka ji haushin ya zama nasa shi kaɗai, sa'an nan ya ci gaba da kiwo tare da kowa a sauran dajin. Yaƙin Basusa, wanda aka ce ya kai shekara 40, daga irin wannan killacewa ta Kulaibu ya tashi. Musulunci ya rushe wannan, ya bar killacewa ɗaya tak, wadda shugaba zai yi don maslahar Musulmi, kamar yadda Annabi ya keɓe Naƙi'u don dawakin jama'a. Umarnin da Sayyidina Umar ya ba mai tsaron wani hurumi, wanda Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, ya fayyace wa aka yi abin dominsa: a bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, a hana garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affana, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonakin dabino da za su koma wa, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. Sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna aka tsayar a bakin shinge, don kawai suna da wadata. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan wannan fanni, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili da iyakokinsu, kuma hurumi da burtali da mashaya da kakanninmu suka sani a bakin kowane gari suna tafiya ne a kan wannan fahimta. To filin golf da aka yanka daga ƙasar jama'a, aka sa masa mai gadi da kuɗin shiga da ya fi albashin malamin firamare, hurumi ne da aka juya: masu wadata a ciki, masu 'yan tumaki a waje.

Za a ce ai gwamnati ce ke bayar da fili, kuma bisa doka take bayarwa. Haka ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili don maslahar jama'a, diyyar da ake biya kuma ta amfanin gona ce da gine-gine, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato sun san abin da kalmar maslaha ke iya ɗauka, domin da sunanta aka karɓi gonakin Bakolori, kuma da manoman suka tare hanya suna neman haƙƙinsu aka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Wancan ma madatsar ruwa ce ta noman rani, wadda aƙalla ana iya kare ta da cewa abinci za ta samar. Idan amana ta yi nauyi haka a kan aikin noma, sa hannun gwamna kaɗai ba zai mayar da wurin shaƙatawar mutum ɗari biyu ya zama maslahar jama'a ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai dukiya da zai ce: da kuɗina na sayi filina, da kuɗina na haƙa rijiyar burtsatse, ban taɓa hurumin kowa ba. Wannan ba a ture shi da tsawa, domin mazhabarmu tana ba shi rabin gaskiya. A wajen Malikawa, wanda ya haƙa rijiya a cikin mallakarsa shi ya fi cancanta da ruwanta, yana iya sayarwa, yana iya hanawa, ba kamar rijiyar daji ta shayar da dabbobi ba, wadda ba a hana rarar ruwanta. Hadisin da ya ce mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta an fassara shi ne a kan abin da ba a riga an mallaka ba. Amma Malikawan nan su ne suka ce in maƙwabci rijiyarsa ta rushe, shukarsa tana shirin mutuwa, dole mai rara ya ba shi, kuma su ne suka hana mutum haƙa rijiyar da za ta janye ruwan rijiyar maƙwabcinsa ko da a cikin filinsa ne, bisa ƙa'idar babu cuta babu cutarwa. Abin da ilimin ƙasa ya ƙara mana shi ne cewa maƙwabtakar ruwa ta fi ta katanga faɗi. Ruwan da ke ƙarƙashin gari tafki ɗaya ne, mai injin da ya fi zurfi da ƙarfi yana sha ne daga ƙwaryar kowa. A Sakkwato damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, zafin Afrilu yana haura digiri 40, kuma a bazarar 2018 madatsar Goronyo, wadda birnin ke dogaro da ita, ta ja baya har aka ce abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. A garin da magidanci a Gidan Dare ke jiran ɗan ga-ruwa ya turo kura da jarkoki kafin a ɗora tukunya, shayar da hekta hamsin na ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba yana shiga babin almubazzaranci da na cutarwa a lokaci guda. Addinin da ya karhanta wuce wanki uku a alwala ba zai rasa abin faɗa a nan ba. Mai cewa me ya sa aka ware golf, alhali ga ciyawar gidajen manya da wuraren wankin mota da tafkunan iyo na otal, ya faɗi gaskiya, ma'aunin ɗaya ne a kansu duka, golf dai ya fi su girman fili ne.

Saura masu cewa filin golf yana samar da aiki kuma yana tsare sarari. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, musamman rabinsa na biyu. Filayen da Turawan mulki suka bari a Kano da Kaduna da Zariya suna cikin 'yan wuraren da suka rage da manyan itatuwa a tsakiyar gari, kuma duk wanda ya ga yadda aka yanka filayen makarantu da na idi da kududdufai aka yi shaguna ya san abin da zai same su ranar da aka kori masu sanduna. Yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka suna samun na abinci, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jakar suka fara. Sai dai wannan hujja tana kare tsohon filin da ya riga ya zauna ne, ba ta halatta a kori manomi ko makiyayi don a yi sabo. Batun aiki kuma sai an yi lissafi da gaskiya, a ƙirga masu yankan ciyawa da masu gadi da aka ɗauka, a ƙirga waɗanda gona da kiwo da kamun kifi suke ciyarwa a wurin kafin a zo. A tsibirai irin Barbuda wannan lissafi ne mutanen gari suka ce ba a yi da su ba, har wasunsu suka kai ƙara kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe da ke Ingila a kan filin jirgin saman da aka share daji aka gina, kotun kuma ta yanke a Fabrairun 2024 cewa suna da hurumin shigar da ƙarar.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan magana a matsayin gaba da wasan ba shi ne cewa golf ba ya buƙatar kore. A ƙasashen rairayi an daɗe ana yinsa a kan ƙasa tsura. Kulob ɗin Awali na Baharain, wanda ma'aikatan man fetur suka kafa a 1938, fili ne na rairayi, ɗan wasa yana yawo da 'yar tabarmar roba da yake aza ƙwallo a kai. A Arewacin Najeriya ma tsofaffin filaye da dama sun yi shekaru da da'irar rairayi da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe a kewayen rami maimakon ciyawa, a share ta bayan kowane bugu. Baƙin man inji da ake zubawa yana da tasa illar ga ƙasa, wannan abin gyarawa ne, amma ruwan da irin wannan fili ke sha bai taka kara ya karya ba. Masu ganin cewa wannan golf ɗin talakawa ne, na gaske shi ne mai ciyawa irin ta talabijin, sun manta da tarihin abin da suke so. Fako da tsakuwa da gindin aduwa da iskar hunturu ta Sakkwato sun fi kusa da tuddan rairayin Sikotlan fiye da shimfiɗar da injin ban-ruwa ya raya, domin su ne ke tilasta wa ɗan wasa ya karɓi ƙasa yadda take. Muna ma da misalin wasa mai bin ƙa'idar wuri a maƙwabtanmu: a Argungu ana hana kamun kifi a Matan Fada tsawon shekara, sai ranar biki a saki dubban masunta da homa da gora a lokaci ɗaya, kuma ba a tambayar kowa katin kulob.

Saboda haka idan wata rana aka kawo takardar neman fili don golf a gefen Sakkwato, ko a kan hanyar Wamakko ko ta Bodinga, malamin da aka nemi fatawarsa da jami'in ma'aikatar filaye aikinsu ɗaya ne, kuma tambayoyinsu na ƙasa ne. Su bincika wa ke noma ko kiwo a wurin yanzu, ko burtali ya ratsa ta ciki, daga ina ruwan zai fito a watan Afrilu, rijiyoyin ƙauyukan kewaye za su ja baya ko ba za su ja ba, da kuma ko mai neman ya yarda ya yi na rairayi. In fili ne na gwamnati, a rubuta cikin yarjejeniyar haya cewa ƙofa za ta buɗu ga jama'a a ranaku sanannu, makiyayi ya wuce da dabbobinsa ta hanyar da aka shata, yaran makaranta su koyi wasan kyauta. Wannan sharaɗi ba baƙo ba ne ga golf. Tsohon filin St Andrews, wanda 'yan wasan duniya ke ɗauka a matsayin mahaifar wasan, har yau mallakar jama'a ne da wata hukumar amintattu ke kula da shi a ƙarƙashin dokar 1974, kuma in ba lokacin babbar gasa ba, ba a buga ƙwallo a cikinsa ranar Lahadi, mutanen gari ne ke shiga da 'ya'yansu su yi yawo a kansa.